Takwas Cikin Goma

Ranar Talata da hantsi Insaf ta kira ni a waya. Rabon da in ji muryarta ya kai shekara shida, amma tana cewa "Fikri" na gane ta, don duk Alƙahira ita kaɗai ke kiran sunana gatsau, ba Ustaz a gabansa.

"Ka ji Yaya Sabri ya rasu?"

Na ji, ban kuma je gaisuwa ba. Na fara kame-kame, gwiwa ce, hawan jini ne, sai ta katse ni.

"Bar shi, har an yi arba'in makon jiya. Ba wannan ya sa na kira ba. An gayyace ka taron Juma'a?"

"An gayyace ni."

"Ni ma haka, wai in zo in baje tsofaffin zane-zanena. Fikri, yanzu ba ni da sauran wanda zan ɓoye wa. Ina so ka faɗa."

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da take so in faɗa. A azumin 1988 aka fara nuna wani shirin yara mai suna Ayarin Tauraro, kullum bayan shan ruwa. Labarin wasu iyali ne da suka bar duniya cikin jirgin sararin samaniya, suna yawo daga wannan tauraro zuwa wancan. Yau ba mai tuna sunan maigidan, balle na matarsa. Abin da mutane suka riƙe shi ne baransu, mutum-mutumin ƙarfe mai suna Zambalik. Kansa tukunyar dafa wake ce mai dogon wuya da aka kife, idanunsa fitilun keke, hannuwansa tiyon injin wanki. In shirin ya ƙare sunaye suna hawa, za ka ga an rubuta: Zambalik, Fikri Shurbagi. Ni ke nan.

Murya dai tawa ce, wannan ba mai ƙwace mini. Nakan tsaya bayan kyamara, in tura baki cikin gwangwanin man girki in yi magana. Amma ban taɓa shiga cikin kayan nan ba ko sau ɗaya. Insaf ce a ciki.

Ita aka ba aikin ƙera su. Tana da wani hali da har yau ba ta bari ba: komai za ta yi, a jikinta take gwadawa. A ɗakinta na unguwar Shubra ta haɗa Zambalik, ta yanka ta gwada, ta lanƙwasa ta gwada, bai taɓa faɗo mata a rai ta ɗauki awon wani ba. Da aka kawo shi wurin ɗauka, maza huɗu suka gwada shiga. Ni ne na uku, kafaɗata ma ba ta wuce ba. Saura kwana tara azumi. Marigayi Ustaz Galal, darektanmu, ya dube ta ya ce, "Tunda kanki kika ɗinka wa, sai ki sa abinki."

Ta ce yayanta zai kashe ta. Sabri ɗan kasuwar hatsi ne, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu. Da ƙyar ya yarda ta yi ɗinki a gidan talabijin. Fitowa a cikin shiri kuwa, a wurinsa, ba ta da maraba da rawa a gidan giya. Ustaz Galal ya ce ai ba mai ganin fuska, suna kuma a sa na mai murya. Mu goma sha ɗaya ne a wurin, muka karanta Fatiha a kan ba wanda zai fitar da maganar. Tara sun riga mu gidan gaskiya da ita a cikinsu.

Insaf ta yi shan inna tana shekara uku. Ƙafarta ta hagu ba ta ɗaguwa sosai: ta taka ta dama, ta jawo ta hagu, kafaɗa ta ɗan sauka, sannan ta miƙe. Ranar farko Ustaz Galal ya so a riƙa ɗaukarta daga ƙugu zuwa sama don a ɓoye abin. Sai ya lura masu riƙe fitila suna murmushi duk lokacin da tukunyar nan ta karkata, ya ce a bar shi haka. Kafin sallah yaran Masar kaf suna jan ƙafar hagu a titi, iyaye na kai musu rankwashi.

Shekara biyu bayan haka wata mai gabatar da shiri ta tambaye ni inda na samo tafiyar. Ban shirya amsa ba. Bakina ya ce wai kakata a Fayyum tana da wata agwagwa da keke ya taka, ita na yi wata guda ina kallo. Aka yi dariya, na kuwa ji daɗin dariyar. Na sake faɗa a wani wuri, na raɗa wa agwagwar suna, na ƙara mata hali. Shekara talatin da huɗu ina ba da labarin nan. Insaf tana da talabijin a gidanta, ba ta taɓa ce mini uffan a kai ba.

Bayan Zambalik a matsayin me na fito a fim? Maigadi, mai kantin magani, kawun da ke mutuwa a kashi na uku, sai tallan sabulu. Ita kuma ta koma ɗinka rawuna da alkyabbu na finafinan tarihi, sunanta na wucewa da ƙananan haruffa daidai lokacin da mutane suka tashi ɗora shayi. In aka cire Zambalik daga rayuwata, abin da ya rage tsoho ne mai tumbi da ba wanda zai tashi ya ba shi kujera a jirgin ƙasa.

Shi ya sa a wayar na ce, "Me zai hana ke ki faɗa da kanki?"

"In ni na faɗa, cewa za a yi tsohuwa ta fara ruɗewa. Sunanka ne a rubuce, daga bakinka maganar za ta shiga kunne. Ga yadda za a yi. In an kira ni kan dandamali zan bar sandata a ƙasa, in taho haka nan. Kai dai ka nuna ni ka ce, ga Zambalik. Kalma biyu. Ko sai na rubuta maka a kwali na ɗaga kamar da?"

"In sha Allahu zan faɗa."

"Bar in sha Allahun 'yan fim. Ka ce to."

Na ce to.

Allah ya sani da gaske nake a lokacin. Kwana uku ina shiri. Kalma biyu ta nema, ni na rubuta shafi biyu. Na tsaya gaban madubi na karanta har na yi ƙwalla, na ga zaure ya miƙe tsaye ana tafa wa wannan dattijo mai gaskiya. Ko a cikin tubana ma ni ne jarumin fim ɗin.

Bayan sallar Juma'a na isa zauren da ke unguwar Madinat Nasr. Taron masoya finafinan sararin samaniya ne, sau ɗaya ake yi a shekara. Wannan ya shafe fuska da koren fenti, wancan ya rataya bindigar roba mai walƙiya, ga tukwanen wake a kan mutane sun fi ashirin. An ba ni teburi a tsakiya, da ƙaton allo mai ɗauke da hotona ina saurayi. Ban gama zama ba layi ya kai bakin ƙofa.

Yawancinsu ba yara ba ne. Yaran 1988 ne da suka yi furfura, suka jawo nasu 'ya'yan. Wani injiniya ya zo da 'ya'yansa mata biyu, ya sunkuya ya sumbaci kaina.

"Ku gaishe shi, wannan shi ne Zambalik. Saboda shi na kwance rediyon kakanku na sha duka. Ustaz, don Allah, yaya kake yi da zafi a ciki?"

"Da azumi a bakina fa," na ce. "Sau biyu ina suma a ciki, sai da aka kwance tukunyar aka yayyafa mini ruwa."

An yi suman, sau biyu kuwa. Ni na riƙe kofin ruwan. Maganar ta fita daga bakina da kanta kamar yadda ta saba fita, takardar jawabina tana aljihun gaba, ina jin kaifinta a ƙirjina. Na ce wa kaina ba komai, ai da la'asar za a gyara duka.

Wajen ƙarfe uku na nemi izini na je neman Insaf. An ajiye ta can ƙarshen zaure, kusa da ƙofar banɗaki. Ta baje zane-zanen Zambalik da fensir, takardun duk sun yi ja. Ba kowa a gabanta sai wata mata da ta tsaya gyara takalmi. Tana zaune cikin baƙaƙen kaya na makoki, sandarta a jingine, tana cin burodi da wake.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Tubarkalla, Fikri. Yanzu ko ƙafarka ba za ta shiga ba."

"Ke kuma ba ki canja ba."

"Ƙarya tun kafin a hau dandamali? Zauna ka ci." Ta gutsuro mini rabi. "Ka haddace?"

Na dafa aljihuna. "Har jawabi na rubuta."

"Wayyo ni. Kalma biyu na ce maka." Ta yi dariya, sannan ta juya tana kallon masu tukwane a ka suna wucewa. "Ka san ban taɓa ganin Zambalik yana tafiya ba sai a talabijin? Daga ciki ba ka ganin komai sai ɗan rami. Yaya Sabri yakan zauna bayan shan ruwa ya kalla, ya yi ta dariya har da tari, ya ce, Insaf, zo ki ga wannan shaiɗanin. Ina tsaye da tire a hannu. Shekara uku, bai taɓa ganewa ba. Ko ya gane ya yi shiru, ban sani ba."

Na ci gaba da tauna burodi.

"Ba wani abu nake nema ba," ta ce. "Ina so sau ɗaya in ji an faɗa da ƙarfi a gaban mutane, ina raye."

Ƙarfe huɗu aka hau da ni dandamali. Mai gabatarwa Haisam ne, ɗaya daga cikin masu shirya taron, ƙato mai shekara arba'in da wani abu cikin rigar direban jirgin Ayarin Tauraro wadda maɓallanta ke neman tsinkewa. Mutum ya fi dubu a zauren. Rabon da in ga taro haka a gabana tun ina da gashi.

"Kafin komai, Ustaz," in ji Haisam, "agwagwa. Ba za mu bar ka ka tafi ba sai mun ji labarin agwagwa."

Nan ne ya kamata in ce babu wata agwagwa. Na buɗe baki, sai zaure ya riga ni. "Kakata a Fayyum," suka ce baki ɗaya, kamar 'yan makaranta. Sun haddace. Na ɗaga hannu wai in tsayar da su, suka ɗauka jagorantarsu nake yi. To, sai na jagorance su. Na ba da labarin daga farko har ƙarshe, na yi kukan agwagwar, aka yi ta dariya har da masu share hawaye. Ban dubi ƙarshen zaure ba.

Daga nan aka shiga gasar tafiya. Al'adar taron ce: masu so su ratsa dandamali da tafiyar Zambalik, ni kuma in ɗaga kwali mai lamba in ba da maki. Aka ɗora mini kwalayen a cinya, ɗaya zuwa goma. Mutum goma sha shida suka wuce, kowa na jan ƙafar hagu. Wani dogon saurayi na ba shi goma, wata ɗaliba tara, sauran biyar da shida. Ina ba da makin ina gyara musu, kai ɗaga gwiwa, ke rage sauri, kamar wanda ya san abin da yake faɗa.

"Yanzu kuma," Haisam ya ce yana duba takarda, "mu tarbi wadda ta ƙera kayan Zambalik, Madam Insaf Tahtawi."

Aka ɗan tafa, tafin ladabi. Na gan ta a gindin matakala. Ta jingine sandarta a bango, ta kama ƙarfen gefe ta hau, ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai sama ta saki ƙarfen, ta gyara mayafinta, ta taho.

Ta taka ta dama, ta jawo ta hagu, kafaɗa ta sauka, ta miƙe.

Zaure ya yi tsit. Ni kaina na manta. Shekara talatin da shida ina kallon kwaikwayo, na manta yadda ainihin abin yake, yadda ba ta gaggawa, yadda kai ke ɗan karkata kamar mai sauraron wani abu. Faɗin dandamalin taku ashirin ne ko fiye. Ta yi su ita kaɗai, idonta a kaina.

Sai wani daga baya ya fashe da dariya, wani ya yi fito, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Sun zaci gasar ta shiga. Haisam ya riƙe ciki yana buga ƙafa.

"Kai, jama'a, Madam ta kashe mu. A shekarunta. Ustaz, wannan ba a kan takarda take ba, amma dole a ba ta maki. Nawa?"

Ta tsaya a gabana, taku uku tsakaninmu, tana haki kaɗan. Makirufo na hannuna na dama. Ga Zambalik, kalma biyu. Mutum dubu suna ta kiran goma, goma. A layin gaba na hango injiniyan nan da 'ya'yansa, yana tafi sama da kansa, yana kallona da irin idon da ya kalle ni da shi ɗazu. Na yi tunanin yadda fuskar nan za ta koma in ya ji wanda ya sumbata bai taɓa suma a cikin komai ba. Na yi tunanin agwagwa, da yadda kowa a zauren zai gane nan take wace ce agwagwar.

Hannuna na hagu ya shiga cikin kwalayen ya zaro ɗaya. Takwas.

Aka yi ihun wasa, wai na yi rowa. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma ɗan wasa in ya ji zaure na jiran magana ba ya iya shiru. Na kai makirufo baki, na yi muryar gwangwani, na ce, "Ta yi ƙoƙari. Sai dai kafaɗar ba ta sauka yadda ya kamata ba. A ƙara kallon agwagwa."

Dariyar da aka yi ta fi duk ta ranar. Insaf ta juya ta fuskanci zaure. Ta ɗan rusuna wa jama'a kamar yadda 'yan wasa ke yi, ta ja kujerar da ke gefena ta zauna.

Minti ashirin aka yi ana hira da ita. Haisam ya tambaye ta tukunya nawa ta lalata kafin ta sami kan, ta ce huɗu. Ya tambaye ta yadda ta auna Ustaz Fikri, ta ce, "Ban auna shi ba." Aka yi dariya, ana zaton wasa ne. Ta amsa kowace tambaya da ladabi, ba ta dube ni ba, ba ta kuma faɗa ba. Sau biyu Haisam ya ce ko Ustaz na da abin ƙarawa. Makirufo na hannuna har lokacin, ya jiƙe da gumi. Na ce ai Madam ta faɗi komai.

Kyautar gasar hoto ne babba na Zambalik a tsaye a ƙofar jirgi, da sa hannuna, ga mutum uku na farko. Goma, tara, sai takwas. Haisam ya nace wai doka doka ce, Madam ta zo ta uku. Na koma teburina, layi ya sake haɗuwa. Saurayin ya karɓi nasa, ɗalibar ta karɓi nata. Na ɗaga kai sai ga Insaf, da sandarta wannan karon, ta bi layi kamar kowa, hoton a hannunta.

Ta ajiye shi a gabana.

"Insaf," na ce ƙasa-ƙasa, "wallahi ban san abin da ya same ni ba."

"Sa hannu, mutane na jira."

"Baɗi za a sake yi. Ko in kira 'yan jarida, gobe-goben nan."

"Me ya rage biyun, Fikri? Ina so in gyara."

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka ɗauki zafi. Na ɗauki alƙalami, na rubuta a ƙasan hoton da manyan haruffa: Wannan Insaf Tahtawi ce. Ita ce Zambalik, tafiyar tata ce. Ni murya kawai na yi, kuma babu wata agwagwa. Na sa hannu, na sa kwanan wata, na tura mata.

Ta ciro tabarau daga jaka ta karanta a hankali har ƙarshe. Ta cire tabaran ta mayar.

"Ni ka rubuta wa?" ta ce. "Ai ni na sani. Ina ciki lokacin da aka ɗauki hoton."

Ba ta ɗauka ba. Ta juya shi yadda rubutun zai fuskanci layi, ta tura shi bakin teburi da yatsa ɗaya, ta bar shi nan. Sannan ta ce in gaida gida, ta kama hanyar ƙofa. Mutane suna ba ta hanya suna murmushi, wasu na ɗan tafa mata, wani ya ce, "Madam, an zalunce ki, goma ce taki."

Na bi ta da ido har ta fita. Da na juyo, na gaba a layi ya matso, injiniyan nan ne ya dawo, wai ƙaramar 'yarsa tana son hoto da Zambalik. Ya sunkuyo yana murmushi, idonsa ya fara sauka kan teburin.

Na sa hannu na kife hoton.